Tafin hannu a kan hoto

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta fari take aji uku na firamare, babu wanda ya isa ya gaya mini akwai yaron da ya fi ta karatu daga Kakuri har Sabon Tasha. Ni tela ce, shagona yana bakin layinmu, kuma duk wadda ta kawo ɗinki a wancan lokacin sai ta sha labarin yarinyar nan kafin in sa mata tef. Ina kyautata zaton wasu don su huta da labarin suka koma wa wata telar.

Kuma ina da hujjata. Ajinsu cike yake maƙil, wasu yaran ma a ƙasa suke zama, don haka karatun na amshi ne: a faɗa, aji ya maimaita. In maƙogwaron malami ya gaji, sai ya fito da yaro mai murya ya ba shi sanda ya riƙa nuna allo yana jan sauran. 'Yata ce mai sandar. Makarantar tana bayan layinmu, wani lokaci ina kan keken ɗinki nake jiyo muryarta sama da ta kowa. In ta dawo gida ta buɗe littafin Turancinsu, ta ɗora yatsa a kan layi, sai ka ji kamar an kunna rediyo. Lissafin sau kuwa da waƙa take yin sa, daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, ba ta tsayawa ko numfashi. In matan zumuntar cocinmu suka zo gaishe ni, nakan ƙwala mata kira in ce, "Zo ki karanta wa iyayenki." Su kuma su tafa su ce wannan ai lauya aka haifa mana. Ni kuma in yi ta murmushi kamar ni na rubuta littafin.

Ana nan sai aka kawo musu sabuwar malama a zango na biyu. Ba a jima ba yarinyar ta dawo gida wata rana fuska a kumbure, ta jefar da jaka a ƙarƙashin teburin yanka.

"Anti ta karɓe sandar," in ji ta. Haka suke kiran malamansu mata. "Wai ban iya karatu ba. Ta ce ki zo gobe."

Washegari na ɗaura gwaggwaron da nake zuwa biki da shi, na rufe shago, na kama hanya ina shirya maganganun da zan zazzage mata. Na same ta a barandar aji, wata siririya mai sanyin murya, da ƙyar za ta girmi ƙanwata. Ta jawo mini benci.

"Sannu da zuwa, Mama. Bismillah, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba, Malama. An ce kin ce 'yata ba ta iya karatu ba. Ina so in ji da kunnena."

Ba ta ja da ni ba. Ta kira yarinyar, ta miƙo mini littafin ta ce in buɗe duk shafin da na ga dama. Na buɗe tsakiya, inda aka zana wata mata da tulu a kai. 'Yata ta kalli shafin sau ɗaya ta zuba shi tas, har da inda ake ɗaga murya. Na juya na kalli malamar, irin kallon nan na "sai kuma me?"

Sai ta karɓi littafin ta juya mana baya ta buɗe wani shafi. Da ta juyo, tafin hannunta yana kan hoton, rubutun kaɗai ya rage a fili.

"Karanta wa Mama wannan."

Na ga idon 'yata ya bar rubutun gaba ɗaya, yana neman leƙa tsakanin yatsun malamar. Can sai ta daure ta fara, da murya mai ƙarfi kamar kullum, yatsa yana bin layi, tana ba mu labarin akuyar da ta shiga gona. Ni kuwa ina kallon shafin, na gama sakandare, na san abin da aka rubuta. Labarin kasuwa ne, babu akuya ko ɗaya a ciki. Malamar ta ɗaga hannunta, tiren tumatir ya bayyana, nan take yarinyar ta saki akuya ta kama labarin kasuwa daga farko har ƙarshe ba kuskure.

Daga nan malamar ta tambaye ta bakwai sau shida. Sai da ta koma bakwai sau ɗaya ta rero waƙar a hankali kafin ta iso. Malamar ta jera muraben kwalba a kan benci, layi uku, kowane layi huɗu, ta ce wannan nawa sau nawa ne. 'Yata ta dube su ta dube ni. A wurinta waƙa daban, muraben kwalba daban.

"Mama," in ji malamar bayan ta tura ta aji, "yarinyarki tana da kai, wannan ba ƙarya ba ne. Yaron da ya haddace littafi sukutum ba daƙiƙi ba ne. Amma hoto take karantawa. In ta ga hoton sai ta tuna abin da aka rera a kansa. Littattafan aji huɗu kuma hotonsu kaɗan ne. In muka kai ƙarshen shekara a haka, gaskiya ba zan bari ta wuce ba, sai dai ta maimaita aji uku."

Ban san gwaggwaro yana da nauyi ba sai a hanyar komawa gida ranar.

Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Kowace safiya malamar takan ware wasu 'yan yara a kan tabarma a bayan aji, ta koma da su kan sautin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yan aji ɗaya. 'Yata, mai sanda, tana cikinsu. Yaran da jiya suke amsa mata, yau suna leƙowa suna ƙunshe dariya. Ta fara ciwon ciki da safe, irin wanda yake warkewa da an tashi daga makaranta. Mijina direban tankar mai ne a wajen Rido, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Da ya dawo ya tarar da ita tana kuka, ransa ya ɓaci.

"A canja mata makaranta kawai," in ji shi. "Ga ta kuɗi nan a Sabon Tasha, can babu yaron da ake sa wa ya maimaita aji. Ya za a yi wadda take zuwa ta ɗaya a mayar da ita tabarma?"

Wallahi maganar ta shige ni, domin ni ma ina tunanin da wane baki zan gaya wa matan zumunta lauyarsu ta maimaita aji. Amma ni na ga abin da shi bai gani ba.

"Baban yara," na ce, "ko ina muka kai ta, hoton za ta bi. A bar ni da ita zuwa ƙarshen shekara."

Ya ce to, amma in ta faɗi, kada in ce bai faɗa ba.

Aikin gida ma ya canja kama. A da, kwafe shafi ne, ta zauna ta zana shi tsaf kamar mai zanen lalle, ni kuma in yaba kyan rubutu. Yanzu malamar ta ce a samo mata baƙaƙen da za ta riƙe a hannu ta jujjuya, da muraben kwalba masu yawa. Baƙaƙen ba su ba ni wahala ba. Na tattara ƙyallayen atamfa da suka rage a shago, na yanka su ɗaya bayan ɗaya na manna a kwali. Muraben ne suka zubar mini da girma. Na bi masu shaguna da mai sayar da lemo a bakin titi da leda a hannu ina tsinta, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, ɗinkin ne ya daina ci kika koma bola?" Na ce mata jari nake tarawa, ta jira ta gani.

Amma sharaɗin da ya fi mini wuya shi ne wanda malamar ta kafa mini ni kaina. Ta ce, "Mama, kada ki faɗa mata kalmar, ko sau ɗaya. Kunnenta ɓarawo ne, duk abin da ya ji ya ɗauke. Ki bar ta ta haɗa da kanta ko da za ta wuni a kai." Wanda ya san ni ya san an haɗa ni da aiki. Yarinya tana zaune a kan teburin yanka bayan an tashi daga makaranta, ga baƙaƙe uku kacal a gabanta, tana ja tana tsayawa tana komawa, kalmar kuma tana kan harshena tana ƙaiƙayi. Dabarar da na samu ita ce in cika bakina da fil, irin yadda muke yi in muna kafa riga. Mai fil a baki ba ya magana. Kwastomomi suka ɗauka aiki ne ya yi mini yawa.

Haka muka yi ta tafiya, wata rana da dariya, wata rana ta watsar da baƙaƙen ta ce ita ta fi son karatunta na da. Gaskiya na da ɗin ya fi daɗin ji. Wannan sabon kamar keken ɗinkin da ya sha tsatsa yake, yana tafiya yana cijewa. Akwai ranakun da na ce a raina ko mijina ne mai gaskiya.

Damina ta sauka. Wata Lahadi muna dawowa daga coci, muna tsallake kwatami, sai na ji babu takunta a bayana. Na waiga na hango ta tsaye a gaban wani gida da yake farkon layinmu, gidan da take wucewa tun tana goye. A jikin katangarsa akwai rubutun nan na Turanci da jan fenti, wanda masu gida suke yi don gudun 'yan damfara. Leɓenta yana motsi. Wani mai Keke Napep yana ta danna mata hon ta matsa, ko a jikinta. Na tsaya ina jiranta, yau ko fil babu a bakina. Can ta juyo da fuskar mamaki.

"Mama, to wa ya ce musu zai saya?"

"Ya sayi me?"

"Gidan mana. Sun rubuta wai ba na sayarwa ba ne."

Babu hoto a katangar nan, babu wanda ya taɓa rera mata shi. Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini a tsakiyar titi ba, har masu dawowa daga coci suka tsaya suna tambaya ko haihuwa aka yi. Daga ranar kuma muka shiga uku da ita. Bayan motoci, gwangwanin madara, allon masu aski, babu abin da ya tsira. A cikin bas ta taɓa karanta tallan maganin basir da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, har ta tambaye ni mene ne shi. Na ji kunya, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Ƙarshen shekara ya zo, malamar ta ce in zo in zauna a gwajin, tunda a gabana aka fara. Wannan karon ɗankwali na yafa kawai. Barandar nan ce, bencin nan ne. Ta fara da lissafi, ta sake tambayarta bakwai sau shida. Yarinyar ba ta rera komai ba. Ta ɗaga kai sama kamar tana kallon murabenta a jere, ta ba da amsa, ta ƙara da cewa layi bakwai ne, kowanne shida.

Sai malamar ta fito da littafin aji huɗu, wanda 'yata ba ta taɓa jin an karanta ba. Ta buɗe wani shafi mai ɗan hoto a sama ta ajiye a kan benci. Daidai nan wani malami ya kira ta ta taga, ta juya tana amsa masa, hoton a buɗe. Kafin in yi wani tunani, sai na ga 'yata ta kawar da kai gefe, ta lalubo saman shafin, ta shimfiɗa ɗan tafin hannunta a kan hoton ta danne. Sannan ta dawo da idonta kan rubutun ta fara.

Ta yi tuntuɓe. Wata kalma sai da ta koma kanta har ta haɗa gumi. Ni kuwa bakin ɗankwalina na cusa a baki na cije. Malamar ta juyo, ta ga hannun, ta jira har yarinyar ta kai ƙarshen shafin. Ta tambaye ta me labarin ya ce, ta bayyana mata da Hausa tsaf: wani kare ne ya raka yaro rafi ya hana shi shiga ruwa mai zurfi.

"To ɗaga hannunki ki ga hoton," in ji malamar.

Ta ɗaga, ta duba, ta fashe da dariya. "Anti, ashe ɗan ƙarami ne! Nawa na cikin kaina ya fi wannan girma."

Malamar ta dube ni ta ce, "Mama, sai a fara ɗinkin yunifom na aji huɗu." Na so in yi mata godiya mai tsawo irin tawa, amma sai hannunta kawai na kama da hannuwana biyu. Mijina da ya ji labari, ya ce dama shi ya san 'yarsa za ta iya. Na bar shi da wannan.

Yarinyar ta girma yanzu, tana karanta littattafan da ni ma sai in yi ta juya su ban gane ba. Na ji ta yi karatu a gaban taron coci, murya garau, babu tuntuɓe ko ɗaya, kuma na ji daɗi. Amma abin da na koya a barandar nan shi ne, yaro yana iya cika gida da sautin karatu alhali bai fara ba, kuma wanda ya gaya maka haka masoyinka ne ko da ranar ka so ka shaƙe shi. Har yau ina ba masu kawo ɗinki labarin 'yata, ban daina ba, kuma ba ni da niyyar dainawa. Sai dai yanzu ba na farawa da sanda ko zuwa ta ɗaya. Ina farawa ne da ɗan hannun nan, mai ƙurar alli a yatsu, da ya sauka a kan hoton ba tare da kowa ya ce a ɗora shi ba.