Abin da Mai Kemis Ya Kira Sanyi

Shekarar da na gama bautar ƙasa na yi aure, a cikinta kuma mara ta fara yi mini ciwo. Kullum fitsari na matsa ni, in na zaga kuma ɗan kaɗan ne, sai zafi. Da wuya alwalar Azahar ta kai ni La'asar.

Mai kemis ɗin da ke bakin Ƙofar 'Yandaka ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce, "Sanyi ne, Malam." Yadda ya ba ni kalmar haka na kawo ta gida, na faɗe ta a tsakar gida. Inna, mahaifiyata, ta ce ai ta sha hana ni wanka da ruwan randa da asuba. Sai daga baya na gane cewa ita matata ba sanyin randa ta ji ba, wanda namiji ke kwasowa a waje ta ji. Ba ta yi faɗa ba. Abinci na zuwa a kan lokaci, gaisuwa cikakkiya, amma hira ta mutu. Ni kuma ina tsoron kada rantsuwa ta ƙara mata zargi, sai na kama bakina.

Maganin kemis ya ƙare ban ji sauƙi ba. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka sake, ba a ga ƙwayar cuta ba. Na roƙi matata ta raka ni wurin likita, ta sa hijabi ta biyo ni.

Likitar, wata dattijuwa mai barkwanci, ta duba sakamakon ta ce, "Bayanka fa, yana ciwo?"

Na ce yana ɗan taɓa ni, amma ba na jin da alaƙa.

"Ina a bayan? Baya ai gari guda ne."

Kunya ta sa na nuna tsakiya. Sai matata ta yi magana, karon farko tun fitowarmu. "Likita, ba nan ba ne. Can ƙasa ne, wurin zama. Ko zaman tahiya a karkace yake yi."

Nan na tuna faɗuwar da na yi daga acaɓa a wajen hasumiyar Gobarau gab da bikinmu, na dira da mazaunai. Ban ɗauke ta komai ba a lokacin, amma yanzu sai na ba likitar labari.

Likitar ta ce jijiyoyin da ke kula da mafitsara daga can ƙasan gadon baya suke fitowa, kuma in ƙashin ƙarshen nan ya bugu, naman wurin kan ɗaure ya takura mara. Ta ce mai yiwuwa ne, ba tabbas ba.

Matata ta sunkuyar da kai. "To, ba sanyi ba ne ke nan?"

"Wane sanyi, 'yata? Gwaji ya wanke shi tas. Mijinki dai bai iya hawa babur ba."

An tura ni wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki. Ciwon ya ragu ƙwarai, ko da yake bai tafi duka ba, kuma har yau ba zan rantse cewa ƙashin ne kaɗai sanadi ba. Matata ta ɗinka mini matashi mai rami a tsakiya, ina zuwa da shi ofis cikin leda. In na manta shi, takan biyo ni har zaure tana kaɗa shi, tana dariya: "Ranka ya daɗe, ka bar karagarka!"