Kumburin da Na Ɓoye wa Mai Neman 'Yan Ƙwallon Kwando

Sallama gare ka Edita, da duk wanda idonsa ya sauka a kan wannan shafi. A zamanin da muke ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da duk wani abu mai muhimmanci sai ya je Maiduguri ya dawo, ni saurayi ne ɗan cikin garin Yola, ɗan gidan malamai. Allo na fara riƙewa, hannuna kuma ya faɗa da rubutun ajami tun kafin in san inda baƙin boko yake fuskanta. Sai da na sauke mahaifina ya yarda aka kai ni boko, saboda haka duk ajin da na shiga ni ne babba, ni ne kuma dogo. Tsawon nan ban taɓa jin daɗinsa ba. Ƙofar zaurenmu sai na sunkuya, wandon da aka ɗinka mini da ƙaramar salla kafin babba ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Ba ni da jiki, ba ni da surutu. Burina ɗaya ne, in wuce gaba da karatu bayan sakandare, alhali a gidanmu babu wanda ya taɓa bin wannan hanya balle ya nuna mini ita.

Makarantarmu a Jimeta take, a bayan azuzuwa kuma akwai wani filin siminti mai turaku biyu, inda ake buga ƙwallon kwando. Ni ban damu da wasan ba, amma ina da aboki da ya ɗauke shi kamar ibada. Ɗan wani malamin makaranta ne, Kirista, mutanen kudancin Adamawa, gajere mai faɗin ƙirji, ƙwallo na bin hannunsa kamar an ɗaura masa ita da zare. Zalɓe yake kirana, ni kuma in ce masa turmi. Kullum yana yi mini tsiya wai Allah ya ba marar haƙora goro ya hana mai haƙora, da shi aka ba tsawona da tuni Legas ta san da zamansa. Ni kuwa in ce masa ya yi haƙuri, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Ana cikin haka wani mutum ya zo daga wajen Maiduguri. Koci ne na wata kwaleji, yana zaga makarantu yana neman yaran da zai ɗauka ya raina su zama 'yan wasa, wanda ya dace kuma a ba shi gurbin karatu da wurin kwana. Yadda yake zaɓensa ya ba mu mamaki. Bai tambayi wa ya iya ba. Jera mu ya yi a jikin bango, ya sa kowa ya buɗe hannuwa, ya duba tafin hannu da tsawon yatsu, ya duba ƙafa kamar mai sayen doki. Sannan ya shafa mana alli a yatsu ya ce kowa ya yi tsalle ya taɓa bango. Da ya zo kaina ya daɗe yana kallona, ya miƙo mini ƙwallo, na cafe ta kamar an miƙo mini jaririn wani. Yara suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Cikin Hausarsa mai haɗe da Turanci ya ce wasa ana koya wa mutum, amma har yau bai ga malamin da ke koyar da tsawo ba. Abokina kuwa, duk da ya nuna bajinta har ana tafi, sai a ƙarshe ya kira shi, ya ce masa ya iya ƙwarai, sai dai ya riga ya kai inda zai kai. Na ga yadda maganar ta taɓa shi, amma ya shanye, har ya raɗa mini wai ashe kasuwar zalɓe ce ta ci yau.

Kocin bai tsaya nan ba, sai da ya bi ni har gida. Ya iske mahaifina a zaure yana ba da karatu, ya cire takalmi ya gaishe shi da Modibbo kamar yadda na koya masa a hanya. Bayan an sha ruwa, sai ya roƙi mahaifina ya miƙe tsaye ya ga tsawonsa, ya kuma tambaya ko kawunnaina dogaye ne, don ta haka zai gane ko na gama girma. Ɗalibai suka sunkuyar da kai, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Mahaifina ya yi murmushi ya ce shekara da shekaru ana zuwa wurinsa da mas'alar gado da ta aure, amma yau ne farkon ranar da aka zo a auna shi kamar turmin atamfa. Ya miƙe, baƙon ya gani ya gamsu. Mahaifina ya amince da sharaɗi biyu, kada wasa ya ci lokacin salla, kuma wandon da zan sa ya rufe gwiwa, ba irin guntun da yara ke sawa ba. Kocin ya ce ko da babbar riga na ga dama in buga, shi dai in zo fili. Aka yi dariya aka rabu a kan za a yi mana horo na ɗan lokaci a Jimeta, sannan a yi gwajin ƙarshe a tafi da waɗanda suka dace.

Horon ya faɗo cikin bazara, wanda ya san zafin Yola kuwa ba sai an yi masa bayani ba. Siminti na huci ta cikin kambas, ga gudu, ga tsalle, ga jikina da bai saba ba. Duk da haka na fara jin daɗin abin. Abokina kan tsaya da ni bayan an tashi ya nuna mini yadda ake juya baya a tare mutum, yana faɗa wai yana shuka gonar da wani zai girbe. Wata rana na yi tsalle na sauko a kan wata tsaga da ke simintin, gwiwata ta dama ta murɗe, na ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Na miƙe na kakkaɓe jiki kamar ba a yi komai ba. Kafin in isa Yola a kan keke gwiwar ta kumbura, washegari ta yi kamar ƙullin kabewa.

A nan sai na yi wa mai karatu bayanin irin gidan da na fito. Mu an raine mu a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo. Yunwa, ƙishi, ciwo, duk abin kunya ne a ji su a bakinka, musamman gaban tsararraki. Tun ina ƙarami kunama ta taɓa harbina ban yi kuka ba, Goggona ta yi ta yawo da labarin gida gida tana alfahari, ni kuma na girma ina jin wannan shi ne mutuncina. Saboda haka na yagi ƙyalle daga wani tsohon rawani na ɗaure gwiwar tam, dogon wandona ya rufe komai. Sauran yara da ke sa gajere, ko ƙujewa mutum ya yi kocin zai gani ya mai da shi gefe. Ni babu abin da ake gani.

Ba zan zalunci mutumin nan ba, yana tambaya. Kowace safiya idan muka jeru sai ya busa usur ya ce duk mai jin ciwo ya ɗaga hannu, ba za a kori kowa saboda ciwo ba. Wasu kan ɗaga a yi musu ba'a su koma gefe. Ni kuwa ina tsaye a ƙarshen layi, na fi kowa tsawo, na fi kowa shekaru, ina jin gwiwar na bugawa kamar ganga, amma hannun nan ya ƙi tashi. A raina kuma ina cewa faɗa kawai yake yi, wa zai ɗauki gurgu zuwa Maiduguri alhali ga masu ƙafa biyu.

Abokina ne ya gano. Idan na je sallar azahar yakan zauna a gindin dalbejiya yana jirana. Rannan da na sallame ya ce shi ba Musulmi ba ne, amma ya daɗe yana ganin yadda nake zaman tahiya, bai taɓa ganin na miƙe ƙafa ɗaya kamar tsohuwa mai tsinkar zogale ba. Na ce babu komai. Ya ce in babu komai in naɗe wandon ya gani. Da ya ga abin sai wasa ya ɓace daga fuskarsa, ya ce ko in faɗa wa koci yau ko shi ya faɗa. Na ce masa in ya buɗe baki to ya tona mini asiri, kuma kowa zai ce don ya ci gurbina ya yi. Allah ya yafe mini, na san inda maganar za ta soke shi shi ya sa na faɗe ta. Sai ya ce to zalɓe, ƙafarka ce. Bai sake tayar da zancen ba, sai dai a fili na lura ya daina jefo mini ƙwallo sama inda sai na yi tsalle.

Ranar gwaji aka raba mu gida biyu, malamai da ɗalibai suka kewaye filin. Da farko abin ya yi kyau, har na tare ƙwallo sau da dama ana ihu. Can wani yaro ya jefa ta ta daki allon da kwandon yake jiki ta dawo, na tashi sama da niyyar cafewa, na kuwa cafe. Saukowar ce ban gama ba. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba a halicce ta ta lanƙwashe ba, na zube. Ko a lokacin ban yi ƙara ba, na cije leɓe har ya fashe. Kocin ya rugo ya sa hannu ya yage wandon daga ƙasa. Da ya ga ƙyallen rawani da kumburin da ya riga ya yi baƙi, ya gane ciwon ba na ranar ba ne. Sai ya zauna daɓas a kan simintin nan mai zafi, ya dafe kai.

A asibiti ya faɗa mini maganar da har gobe take yi mini yawo a kunne. Ya ce tun ranar da ya ga mahaifina a tsaye ya gama zaɓena, gwajin nan na wasu ne, ba nawa ba. Shi ba wasana na bana yake saye ba, na shekaru masu zuwa yake hange. Da na ɗaga hannu da a benci zai ajiye ni in huta har gwiwar ta saki, ya tafi da ni a haka. Ya tambaye ni me ya hana ni magana, amma amsar ba ta da kai a kunnen wanda bai tashi a gidanmu ba. Likita ya yi nasa, mai ɗori ya yi nasa, na tashi na taka, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa yadda take ba, gudu da tsalle kuwa sai a mafarki. Aka tafi Maiduguri ba da ni ba.

Abokina yana cikin waɗanda aka ɗauka. Ya zo har zaurenmu ya ce wa mahaifina shi ba zai je ba, domin ya sani ya yi shiru. Mahaifina ya kira shi ɗana, ya ce ya tashi ya tafi, rabonsa ne ya kira shi, kuma wanda aka ɗaure wa baki ba shi ne mai laifi ba. Bayan ya fita na zaci faɗa zai biyo baya. Sai mahaifina ya ce, da murya ƙasa ƙasa, shi ma ya ga ɗingishina tun kwanakin farko, ya yi shiru yana jin daɗi wai ya haifi jarumi. Ya ce haƙuri na abin da ba shi da magani ne, amma ɓoye ciwo ga mai magani ba haƙuri ba ne, girman kai ne ya ari rigar haƙuri, kuma jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Ban taɓa jin ya ɗora wa kansa laifi a gabana ba sai ran nan.

Allah bai bar ni ba. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na aurar da 'ya'ya, kuma na yarda abin da ya wuce ni dama ba nawa ba ne. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana a faɗa wa na baya inda ramin yake. Ku samari da ake zuwa nema a filayen wasa, wanda ya zaɓe ku don abin da za ku zama ba zai yar da ku don kun ce kuna jin ciwo ba, in kuwa ya yar da ku to dama ba mai riƙo ba ne. Ku iyaye, ku daina yabon yaro don ya shanye ciwo, wata rana zai shanye wanda zai karya shi. Ku kuma masu zaga makarantu kuna auna tsawo da tafin hannu, ku sani akwai gidajen da ɗansu ba zai taɓa ɗaga hannu a cikin layi ba, ko da ƙashinsa na tsagewa. Ku ja shi gefe, inda babu idon tsararsa, ku tambaye shi a hankali, ku sake tambaya. Na daɗe ina auna abin a raina, kuma ina jin da a gefe aka tambaye ni, da na faɗa. Allah shi ne masani.