Mun Je Ceton Soron Kasuwa

Limawa

Ana idar da sallar asuba muka fito daga gidanmu da ke unguwar Limawa a Dutse, ni da Kawu Ilu, yayan mahaifiyata. Shi ya tayar da tafiyar. Labari ya iso masa cewa 'yan kwamitin kasuwar garinsu za su zauna ranar kasuwa a kan tsohon soron da ke bakin shiga, wasu na cewa a rushe shi a yi shaguna. Mahaifinsa ne ya gina soron, shi kuma tun yana saurayi yake cikin masu yi masa yaɓe kafin damina, har ciwon ƙafa ya dawo da shi Dutse wurinmu. Buƙatarsa ɗaya ce, a bar shi ya tara mutane su yaɓe soron. Har buhun makuba ya tanada, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafe gini da shi don kada ruwan sama ya ci shi.

Ba zan kama sunan garin ba. Mutanensa sun san kansu.

A tasha direba ya ce sai an biya wa buhun kuɗin mutum. Na fara tada jijiyar wuya, Kawu ya ce, "Habibu, biya shi mu tafi, rana ba ta jira."

Kiyawa

Kafin mu shiga Kiyawa aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya zura hannu cikin buhun, ya shinshina.

"Baba, wannan maganin mene ne?"

"Maganin gini ne, ɗana."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. A bakin titi muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ma sun ƙanƙance kamar ba a so a sayar. Daga nan muka canja mota zuwa hanyar Jahun, mutum huɗu a baya, ƙafar Kawu a kan cinyata. Duk hanyar labarin soron yake ba ni: yadda aka jawo azara da shanu daga fadama, yadda ranar yaɓe mahauta kan kawo nama, mata su kawo kunu, 'yan koli su kwaɓa ƙasa da ƙafa. Ban taɓa jin ya yi surutu haka ba.

Kasuwar

Mun sauka a wata mararraba a hanyar Miga, 'yan acaɓa biyu suka ƙarasa da mu. Hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya fara gasa mutane.

Tun daga nan raina ya soma ɓaci. Marinar da Kawu ke ba ni labari, ramukanta sun cika da leda da kashin awaki. Tsohon kantin gyaɗa yana nan, da ƙofarsa ta ƙarfe da ƙugiyar sikeli a rataye, amma an mai da shi wurin ajiye tsofaffin tayoyi. Rijiyar tsakiyar kasuwa an rufe ta da kwano. Tsamiya kaɗai ta tsira, ita ma an buga mata ƙusoshi ana rataye rigunan gwanjo.

Sai ga soron. Kawu ya tsaya cak. An lulluɓe shi da siminti daga ƙasa har zankwayen da ke saman rufi, an shafa masa wani shuɗin fenti mai kashe ido. Zanen da mahaifinsa ya yi a saman ƙofa ya ɓace a ƙarƙashin simintin. An jingina masa shagunan kwano hagu da dama, indararon da ke zubar da ruwan rufi kuwa an sare su, an toshe ramukan.

Shugaban kwamitin, wani Alhaji mai shagon kayan masarufi, ya tarbe mu da fara'arsa.

"Baba Ilu, sannu da hanya. Ka ga yadda muka gyara maka shi? Yaɓen nan na kowace shekara ya ishi mutane, sai muka yi masa siminti, sau ɗaya an huta."

"Indararon fa?"

"Ai a kan kayan mutane suke zuba."

"To ruwan ina kuka ce ya bi?"

Alhaji ya ce ana kiransa a waya.

Cikin soron da sanyi, kai ka ce ba bazara ake ba. Bakan gizo huɗu na gini sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi, azara a jere tsaf a tsakaninsu. Na ga gine-gine a Dutse, ban ga wanda ya burge ni kamar wannan ba. Masu fura da nono sun jera ƙwaryoyinsu a ciki, ga wata tsohuwa mai awon gero, ga dattawa biyu suna gyangyaɗi.

Kawu ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya kasa kunne. Ya matsa gaba ya sake. Wurin da simintin ya tsage ya sa yatsa, sai ƙasa ta zubo kamar garin tuwo. Ya ɗaga sanda ya taɓa gindin wata azara, sandar ta shige, garin gara ya zubo cikin nonon wata Bafulatana.

"Baffa, ka ɓata min nono," in ji ta.

"Yi haƙuri, 'yata. Kullum nan kike zama?"

"Kowace kasuwa. Da damina ma nan muke fakewa, mu da yaranmu."

Ya daɗe yana kallon rufin. Sannan ya ce da ni a hankali, "Ginin ƙasa numfashi yake yi. Sun toshe masa hanci, ruwa ya kwanta a ciki shekara da shekaru."

Gindin tsamiya

Bayan azahar kwamiti ya zauna. Da aka ba Kawu dama, na gyara zama, ina jiran ya wanke su tas. Ya dafa sanda ya miƙe.

"Na zo ne in roƙe ku ku bar min soron nan in yaɓe. Na fasa. Babu abin da yaɓe zai kama. Ku fitar da mutane daga ciki yau, ku sauke shi kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba a kan mutane zai sauka."

Alhaji ya juya wurin jama'a yana murmushi. "To kun ji. Ɗan mai ginin ma ya ce a rushe."

Nan take wani ya fara lissafin shago nawa filin zai ɗauka. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce su suka kashe ginin da ƙiwarsu, yaɓen wuni ɗaya ya gagare su, yanzu kuma za su laƙa wa tsoho cewa shi ya yanke hukunci. Na ce ko kunya ba su ji. Kawu ya jawo rigata.

"Habibu, zauna. Akwai mata a ƙarƙashinsa."

Na zauna, amma har yau da nake rubuta wannan zuciyata ba ta huce ba. Kawu bai yarda mun tafi ba sai da ya ga masu fura sun kwashe ƙwaryoyinsu sun koma rana, suna ta mita. Su ma shi suke zargi da raba su da inuwa.

Komawa

Motar dawowa ta yi faci kusa da Kiyawa, muka yi la'asar a bakin hanya. Ana kiran magariba muka shigo Limawa.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa 'yan acaɓan da suka lallaɓa da ƙafar Kawu, da Bafulatanar da ta yafe nononta. 'Yan kwamiti kuwa ba su da godiyata.

Inna Rabi, matar Kawu, ta tare mu a tsakar gida da buta a hannu.

"Malam, yaya? Sun yarda za su bar shi?"

Kawu ya karɓi butar, ya zauna a bakin rariya.

"Ba su ne suka ce a rushe ba, Rabi," ya ce. "Ni na ce."