Ƙofar da Yayana Ya Tura

A gidanmu na haya a Kabong, Mama tana da wata ɗabi'a. Duk Lahadi, in maƙwabta sun tafi coci, sai ta bi ƙofofin kicin ɗinsu tana turawa. Wadda ta samu a buɗe ta ja ta saƙale saboda awaki, in sun dawo ta yi musu tsiya. Ba wanda ya taɓa kiranta ɓarauniya. Godiya ake mata, wani lokacin har da ɗan dankali.

Da wannan yayana ya tashi. Da ya samu aikin kula da kwamfutocin wani ofishi, yakan gwada su ya ga ko akwai kafar da baƙo zai shigo ta intanet. Wata rana ya zarce ya gwada kwamfutar wata ƙungiyar masu madara da ke wajen Vom, wadda ofishinsu ke hulɗa da ita. Ya same ta a hangame, ko kalmar sirri babu. Ya rantse mini bai shiga ba, turawa kawai ya yi.

Shi ya so ya yi shiru. Ni ce uwar baki, na ce ɗan Mama ne zai ga ƙofa a buɗe ya wuce? Na yi ta damunsa har ya rubuta musu.

Amsar kuwa wajen ogansa ta je. Aka zaunar da shi ana tambayar wanda ya aike shi, shi kuwa ya kawo labarin Mama da awaki. Ogan ya ce:

"Mamanka an san fuskarta. Kai wa ya san ka a can? Ɓarawo ma da turawa yake farawa."

Har yau maganar nan tana ci mini rai, don na kasa ƙaryata ta. Aka sallame shi, labari ya zaga gari, ba ofishin da ya sake ɗaukarsa. Gyaran waya yake yi yanzu a unguwar Abattoir. Bai taɓa cewa ni na ja masa ba. Da ma ya faɗa, da na ji sauƙi.

Bara, bayan rasuwar Mama, ni da shi muka je kwashe kayanta ranar wata Lahadi. Kicin ɗin maƙwabciya a buɗe, akuya ta tsoma kai cikin buhun acca. Na ga ya gani. Ya ɗan ɗaga hannu, sai ya mayar da shi aljihu.

"Ba a aike mu ba," ya ce, ya wuce.