Mutumin da ya kulle tankin mai

Ina zaune a ƙofar gida nan Tambuwal da hantsi sai ga Aminu, babban ɗan Malam Sahabi, ya tsaya da babur. Bai kashe shi ba ma, ya durƙusa ya ce, "Baba Arzika, Malam ya cika da asuba. Can Kebbe ana jiran ka." Na yi salati, na yi istirja'i. Sai na ji bakina ya ce, "Wa yac ce?" Aminu ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, domin tambayar ubansa ce wannan. Duk wanda ya zauna da Malam Sahabi ya san ba ka kawo masa labari, ko na ruwan sama ne, bai tare ka da ita ba.

Malam Sahabi malamin dabbobi ne, ni kuwa direban motar ofishinsu, a shekarun farko na samun 'yancin kai, zamanin Jihar Arewa. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba don ya mutu, shi ma ba zai so ba: mutum ne mai wuyar zama. Zargi a jininsa yake. In an kawo masa nono sai ya ɗiga a farce ya ga ko an surka. In Bafulatani ya ce shanunsa ke nan duka, sai Malam ya zaga bayan ruga ya duba kashin shanu, ya dawo ya ce, "Saura fa?" Abin haushin, sau da yawa akwai sauran. Bai taɓa cin na kowa ba, kuma bai taɓa yarda cewa wani ba zai ci nasa ba.

Da aka ba mu sabuwar mota, irin mai shiga daji wadda tankinta ke ƙarƙashin kujerar direba, abin da ya fara yi shi ne kiran maƙeri. Ya sa aka ƙera wani ƙarfe lanƙwasasshe aka gitta a kan murfin tankin, aka saƙala kwaɗo, makullin ya koma aljihunsa. A gabana aka yi, bai ko kalle ni ba. Abu ɗaya tak ya yarda da shi a cikin motar nan, shi ne gejin mai, ɗan agogon nan mai tsinke da ke nuna abin da ya rage a tanki. Yakan ce, "Geji ba shi da mata, ba shi da ɗiya, mi zai yi da ƙarya?"

Shekarar da ciwon bushiya ya shigo shanun ƙasar Kebbe, aka aiko da maganin rigakafi a cikin akwatin ƙanƙara, aka ce lallai a yi shi kafin ƙanƙarar ta narke. Arɗon wajen Fakku ya riga ya tara garkuna suna jira. Da safe na hau mota na kunna, Malam ya leƙo ta kafaɗata, tsinke ya haura rabi. Na ce masa ni dai hankalina bai kwanta ba, mun yi yawo jiya, a ƙara mana ko garwa guda. Ya kalle ni irin kallon nan nasa, ya ce, "Garwa guda ta wa? Ta mota ko taka?" Haka muka kama hanya. A wani ƙauye muka tsaya ya shiga gaida mai gari, ni kuma na leƙa gidan ƙanwar uwata da ke aure a nan na sha ruwa.

Cikin daji, rana tsaka, babu gida gaba babu gida baya, mota ta yi tari ta mutu. Muka sauka. Malam ya ɗaga kujera ya buɗe kwaɗonsa, tanki ƙaf, ko ɗigo. Na rantse masa tsinke yana sama da rabi har lokacin da ta mutu. Ya miƙa hannu daga waje ya murɗa makullin kunna mota. Tsinke ya kwanta a ƙasa, ko motsi. Ya ce, "To ga shi. Wanne ad da gaskiya, kai ko shi?" Ni kaina na tsaya ina kallon abin kamar an yi mini rufa-ido.

Kafin a samo mai, ƙanƙara ta zama ruwa, magani ya lalace. Washegari muka isa wurin Arɗo hannu wofi. A gaban Fulani da mutanen gari Malam ya ce direba ne ya kwance kusar ƙasan tanki ya zuƙe man, ya ɓoye a gidan 'yan'uwansa. Shanu da yawa sun mutu kafin wani magani ya zo. Aka karɓe motar daga hannuna, aka ce in zauna gida, za a kai magana gaban alƙali. In na shiga kasuwa sai in ga mutane na gyara zaman kayansu. Ni ma a zuciyata shi nake zargi, tunda makullin kwaɗon yana hannunsa, har na fara tunanin wa yake sayar wa. Na tsane shi a kwanakin nan, tsana mai tsanani.

Abin da ya cece ni halin nan nasa ne da ya jefa ni. Daga baya ya gaya mini abin da ya hana shi sukuni: ɓarawo yakan yi ƙaryar da za a yarda da ita, to me ya sa na nace kan wadda ya ƙaryata a gabana da murɗa makulli ɗaya? Sai ya fara zargin hukuncin kansa. Ya je inda aka ajiye motar a harabar ofis, ya auna mai kaɗan da hannunsa ya zuba, ya murɗa makulli daga waje, tsinke ya ɗan ɗaga kaɗan, daidai. Ya hau ya zauna a kujerata, tsinke ya miƙe ya haura rabi. Ya sauka, ya faɗi. Ya hau, ya tashi. Ma'aikata suka fito suna kallon dattijo yana hawa yana sauka shi kaɗai, har aka fara raɗa cewa an yi masa asiri.

Da ya cire kujerar ya bi wayar da ta taso daga tanki zuwa geji, sai ya same ta a matse ƙarƙashin ƙarfen da ya sa maƙeri ya gitta. Gargadar hanya ta sa ƙarfen ya cinye robar wayar. In mutum ya zauna, nauyinsa ya danna ƙarfen kan wayar, geji ya yi ƙarya. In ya tashi, ya koma faɗin gaskiya. Babu wanda ya ga wayar nan sai shi. Da ya naɗe ta da ƙyalle ya mayar da kujera, da har in mutu sunana ɓarawo.

Ya zo gidana da kansa, bai zauna ba. Ya ce, "Tashi mu tai Kebbe." Na ce in yi me? Ya ce, "Inda nib ɓata ka, can nika gyara ka." Ya sa Arɗo ya tara mutanen da suka ji maganar farko, ya ɗaga ƙarfen nan sama ya ce, "Ni nac ce Arzika ɓarawo na. Ƙarya niy yi. Wanga ƙarfe nau shi yak kashe muku shanu, kuma da safe ya ce a ƙara mai, ni niƙ ƙi." Wani tsoho da ya rasa rabin garkensa ya zage shi tas, Malam ya tsaya ya shanye. A ofis ma ya maimaita, kuma na san maganar ta tsaya masa a wajen ƙarin girma har ya bar aiki.

Kada a ce daga nan ya zama wani mutum dabam. Kwaɗon yana nan, sai dai an kauce wa wayar. Makullin ya miƙo mini, amma ya yanko wani karan dawa ya yi masa zane-zane, kowace safiya sai ya sa na buɗe ya tsoma ya duba. In na yi fuska sai ya ce, "Ba kai nika zargi ba, idona nika zargi." Na daɗe ban yafe masa ba. Ban san ranar da na yafe ba, na dai wayi gari in bai tsoma karan ba ni ke tuna masa.

Da muka isa Kebbe na tarar an haƙa kabari, ga likkafani, ga ruwa, ga malamai zaune, ba a taɓa gawar ba. Na tambayi Aminu me ake jira. Ya ce tun da ciwo ya tsananta Malam ya bar wasiyya cewa kada kowa ya yi masa wanka sai ni. Sun ce masa ga limami, ga 'yan'uwa kusa, Tambuwal da nisa. Ya ce, "Su ban gwada su ba. Shi na gwada shi." Na shiga ɗakin, na naɗe hannun riga, sai da na daɗe ina kuka kafin in iya ɗaukar butar.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tona laifin kansa don ya wanke wani, Allah Ya rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Shi. Allah Ya ba iyalansa haƙuri, Ya albarkaci Aminu da ƙannensa, Ya haɗa kansu. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.