Ranar da Zoɓon Gamalat Ya Koma Kore

A duk Aswan ta ƙasar Masar babu wanda ya tsani a sha zoɓo salin-alin kamar taubashiyata Gamalat, 'yar Gwaggo Hamdiya. Mu sha muke yi, ita tambayoyi take yi masa. Tun tana 'yar mitsitsiya ta gano in ka ɗiga masa ruwan tsami sai ya ƙara ja, in ka zuba masa kanwa ko tokar murhu sai ya murtuke ya koma kore. Shi ke nan gidan Gwaggo ya shiga uku. Ta gwada sabulu, ta gwada nono, har zufata ta taɓa roƙa.

Da ta zama malamar firamare abin ya ci uban na da. Makarantarsu ba kayan gwaji, sai ta mayar da madafin Gwaggo masana'anta. Ni da na tsaya a aji huɗu nakan leƙa in ce, "Malama, yau wa za a rina?"

"Kai, jahili. Matso in gani ko kai ma tsami ne da kai."

Ana nan Abdussabur mai kwale-kwale ya ce yana sonta da aure, ita ma kamar ta tashi sama. Aka sa ranar karanta Fatiha. A wajenmu jan zoɓo ake sha ranar, kuma wanda ya ajiye kofinsa bai sha ba ya ce bai yarda ba ke nan. Uwar yaron kuwa, Hajiya Nafusa, dalilin fasawa kawai take nema.

Gamalat ta dafa zoɓo mai kauri ta tafi kwalliya. Gwaggo, da ta rantse surukai ba za su gan ta da tabarau ba, ta lalubo tulun da ke kusa ta sirka. Ruwan kanwar darasin gobe ne.

Gwaggo ta shigo da tire tana guɗa. Wallahi kofuna sun yi kore kamar an tatso kada, suna kumfa.

"Hamdiya, mene ne wannan?" in ji Hajiya Nafusa.

"Ja ne, Hajiya, jan alheri!"

"To ni dai ban makance ba."

Na ce, "Sabon yayi ne daga Alƙahira." Kawuna da ke gefena ya taka mini ƙafa.

Hajiya ta dire kofinta, ta fara gyara mayafi. Gamalat na bakin ƙofa, ido ya cika.

Abdussabur ya dube ta. Ya yi bisimilla ya shanye nasa. Ya ɗauki na babansa ya shanye. Ya miƙa hannu wajen na uwar.

"Kai, za ka mutu!"

"Umma, kofinki ba zai kwana cike a gidan nan ba."

Ya ɗaga kai ya kwankwaɗe. Kunnuwansa har rawa suke yi.

Hajiya ta kalli ɗanta, sannan ta saki mayafin. "Wanda ya sha wannan, wa zai iya hana shi? Ku karanta."

Muka ɗaga hannu. Ana kaiwa amin ango ya saki wata gyatsa da na tabbata masunta sun ji ta a tsallaken kogi. Gwaggo ta ɗauka amin ɗinsa ke nan, ta sake rangaɗa guɗa.