Kawu Sale Ƙari-ko-Ragi

Duk wanda ya zauna a Angwan Iya da ke Keffi ya san ba a faɗa wa Kawu Sale lamba a wuce. Ka ce masa buhun masara ya kai mudu kaza, ko ka ce za ka dawo nan da minti goma, sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya ce, "Ƙari ko ragi nawa?" A wurinsa, lambar da ba ta zo da iyakar kuskurenta ba jita-jita ce kawai. Yayan mahaifiyata ne, kuma ni Asabe a gidansa na tashi, don haka na sha wannan tambaya fiye da kowa in ban da matarsa, Inna Hajara.

Na taɓa raka shi tasha za mu Abuja. Ya tambayi direba awa nawa za mu yi.

"Awa ɗaya, Baba."

"Ƙari ko ragi?"

Direban ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, ƙarin yana jiranmu a cunkoson Mararaba. Ragi kuwa tun da nake ban taɓa ganinsa ba."

Kawu ya yi ta dariya har ya ba shi goro. Ya ce wannan ne masanin kimiyya na farko da ya haɗu da shi a tasha.

Masanin taurari ne, amma kada wani ya zaci yana kwana yana kallon sama. Ana idar da sallar isha'i ya kwanta. Aikinsa na rana ne, a kan tebur. Akwai wasu manyan na'urori a ƙasashen waje, kamar faifan dish amma sun fi gida girma, masu sauraron abin da ke fitowa daga sararin sama. Su suke aiko masa da lambobi, shi kuma ya zauna yana lissafi. Abin da yake bincike shi ne yadda ake haihuwar taurari. Ya ce a cikin babban garken taurarin da ranarmu take ciki akwai gizagizai masu duhu da tsananin sanyi. Idan ɗayansu ya yi nauyi sosai, sai ya dunƙule a kan kansa, cikinsa ya yi zafi, tauraro ya kama haske.

Ya taɓa ƙoƙarin yi wa Inna bayani da abin da ta sani. "Kin ga yadda kunu yake yin gudaji?"

"Kunun wa?" in ji Inna. "Malam, shekara nawa kana shan kununa, ka taɓa cin karo da gudaji?"

Daga ranar bai sake kawo misali daga kicin ba.

Cikin gizagizan nan guda ɗaya ya riƙe kusan shekara talatin. Shi ya auna nisansa, daga nisan ya fitar da nauyinsa, ya rubuta cewa ya isa ya haifi taurari. A kan wannan awo aka san sunansa a waje, a kansa ya zama Dokta, a kansa ake gayyatarsa taro. Idan awon ya faɗi, abin da ya fi alfahari da shi a duniya ya faɗi.

A unguwa kuwa ba wanda ya damu da awo. Maƙwabciyarmu Mama Ladi, wadda ta yi aikin ungozoma har ta yi ritaya, ita ta raɗa wa gajimaren suna Mai Ciki. Ko daga coci take dawowa sai ta leƙo zaure.

"Dokta, ina kwana. Ta haihu?"

"Tukuna, Mama Ladi. Nan da shekara dubu ɗari, ƙari ko ragi."

"To a ajiye mini goron suna. Kada a ce ban zo ba."

Lokacin da nake karanta labarai a gidan rediyo, na yi kuskuren gayyatarsa hira. Na rubuta gabatarwa mai kyau: shahararren masanin da ya gano inda ake haihuwar taurari. Ya karɓi takardar, ya zaro jan biro. Ya soke "shahararren". Ya soke "ya gano", ya rubuta "yake zaton". Ya ƙara "wataƙila" har wuri uku.

Na ce, "Haba Kawu! Labarai ba sa son wataƙila."

"To ku karanta musu sanarwar ɗaurin aure. Ita ma ɗin ki sa mata wataƙila, na ga wadda aka fasa."

Minti biyar aka ba mu. Uku sun tafi wajen gyara tambayoyina. Shugaban sashenmu ya ce idan na sake kawo ɗan'uwana, ni da shi za mu fita tare.

Bayan ya yi ritaya, ƙungiyar unguwa ta shirya masa walimar girmamawa. Shugabanta Alhaji Tanko ya sa aka buga babban ƙyalle da hoton Kawu, aka yi hayar rumfa da kujeru, Inna ta tara mata za a yi tuwon shinkafa da waina. Saura kwana huɗu sai ga saƙo daga Rifkatu, 'yar garin Agwada, tsohuwar ɗalibarsa wadda ita ma ta zama Dokta a wannan fanni. Da sababbin na'urori ta sake auna nisan Mai Ciki. Gajimaren ya fi kusa da mu sosai a kan yadda Kawu ya ce. Tunda ya fi kusa, bai kai girman da aka zata ba, bai kai nauyin ba, kuma mai yiwuwa ba zai haifi komai ba.

Kwana biyu Kawu yana bin lissafinta layi-layi, ko abincin kirki bai ci ba. A rana ta uku ya fito ya ce, "Yarinyar nan ta yi daidai. A kira mini Tanko."

Alhaji Tanko ya zo da sauri, ya saurara, ya dafe kai. "Dokta, don girman Allah, wa ya sani a Keffi? Ka bari a ci tuwo a watse, sai ka yi gyaranka da Turawa."

"Na sani ai."

"Kai kaɗai!"

"Ni da Rifkatu. Mutum biyu, babu ragi."

Ranar walima aka cika maƙil. Bayan an gama yabo aka miƙa masa makirufo. Ya tsaya a ƙarƙashin hotonsa ya ce, "Jama'a, na gode. Amma abin da kuka taru a kansa ba daidai ba ne. Na yi kuskuren awo, na zauna a kansa shekara talatin. Ga wadda ta gano." Ya nuna Rifkatu, wadda ya sa aka ɗauko daga Abuja, tana can baya kamar ta shige ƙasa. "Taso, 'yata. Zo ki zauna a kujerar nan, taki ce."

Alhaji Tanko yana kallon takalminsa. Sai muryar Mama Ladi daga ɓangaren mata: "Dokta! Wato duk shekarun nan ba ciki ba ne, kumburi ne?"

"Ba mu tabbatar ba tukuna, Mama Ladi."

"Da ka kira ni tun farko ai da na taɓa na gaya maka!"

Rumfar ta kece da dariya, Kawu ya fi kowa, har yana share hawaye. Ban san ko duka na dariya ba ne. Inna ta ce tunda dai an dafa, kuskure ko ba kuskure ba sai an cinye.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar uku Rifkatu ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da Inna. A nan ta gaya mana wata guda ta yi da saƙon nan a rubuce tana tsoron aikawa. Ta ma yi masa tayin a sassauta maganar, a ce awon farko yana buƙatar ɗan gyara ne kawai. Ta nuna mana amsar da ya ba ta, da jan bironsa: "Ki rubuta cewa na yi kuskure, ki sa sunana yadda kowa zai gani. Don wannan ranar na koyar da ke." Mama Ladi, da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta ja gyale ta rufe fuska.

Ya Allah, bawanka Sale ya tsaya gaban jama'a ya amsa kuskuren da ya gano, bai ɓoye ba. Ka yafe masa waɗanda bai gano ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Inna haƙurin zauren da ya yi shiru. Amin.